Ungulu Ta Bar Kwata, Kare Ya Gaje Ta

 Farashin gero da dawa da shinkafa da riɗi yana nan a shafinsa kamar yadda aka saba, mai bukata ya duba can. Ni yau maganar wata tsuntsuwa na zo da ita, wadda ba a auna ta da tiya, ba a taya ta a bainar jama'a, amma ta daɗe da shiga cinikinmu ba mu farga ba. Watau ungulu. Na san wani zai ce Alhaji ya rasa abin faɗi ne. To, a yi mini haƙuri a ji ƙarshen zance.

Duk wanda ya yi wayo a Haɗeja shekara arba'in da suka wuce ya san yadda kwata take da hantsi. Ungulaye ne birjik, wasu kan katanga, wasu kan kwano, wasu a ƙasa tsakanin ƙafafun mahauta suna jiran a jefar da abin da ba ya sayuwa. In yaro ya jefe su ba su ko tashi, sai dai su ɗan yi tsalle gefe kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa, su komo. Kafin azahar jini da guntun hanji da duk tarkacen yanka sun ɓace. Haka a bayan kasuwar kifi, haka a juji, haka a bakin kogi. Ba En'e ce ta ɗauke su aiki ba, ba su kuwa taɓa fashin zuwa ba ko ranar salla.

A 1983, shekarar da bushiya ta faɗa wa shanu, ina almajiri, malaminmu ya yi gabas da mu wajen Nguru da Gashuwa. Abin da idona ya gani a hanya ba na mantawa da shi. Saniya ta faɗi da safe, mai ita yana tsaye yana salati, sai ka ɗaga kai ka ga ɗigo-ɗigo can cikin sama suna kewaye. Manyan ne, mikiya, masu dogon wuya, su ke fara farke ciki, sa'an nan ƙananan na gari su bi baya su tsince. Kafin la'asar sai ƙashi da fata. Shekarar da ta biyo, 1984, fari ya ƙarasa abin da bushiya ta rage, mushe ta ko'ina, amma wari bai taɓa kore mu daga hanya ba.

Yau fa? Autana ya kusa sauka, bai taɓa ganin ungulu ido da ido ba sai a wayar yayansa. Na tambayi masu kawo mana kaya daga Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma da Guri da Birniwa, bakinsu ɗaya, rabonsu da ita an jima. Ba kuwa mu kaɗai ba ne. A 2015 ƙungiyar duniya mai lissafin halittun da ke shirin ƙarewa ta sa ungulun nan tamu ta gari, tare da wasu iri uku na manyan, a matakin da daga shi sai ɓacewa. Tsuntsuwa ce mai ƙwai ɗaya tal a shekara. Kai ɗan kasuwa ne, ka yi lissafi: jarin da ke haihuwar ɗaya a shekara, ana ɗibarsa goma-goma, kwana nawa zai yi?

An sare manyan itatuwan da take sheƙa a kai, kuka da gawo da tsamiyar da ake cewa ta koma gidanta, masu gawayi sun gama da su. Wannan gaskiya ne. Amma babban abin da ya kashe ta guba ce, kuma a nan ne maganar ta zo kan tabarmata.

Shekarun baya ina ajiye maganin ƙwari a rumfa, na wake da na gona, kamar kowa, wanda ya zo nema in sayar masa. Wata ranar kasuwa wani baƙo ya tsuguna gabana ya ce, "Alhaji, na gona nake so, mai ƙwaya-ƙwaya, wanda ba ya wari." Na ce, "Malam, da rani tsaka? Ina gonar take?" Ya yi dariya ya ce ɓera ne ya dame shi. Na ƙulle masa a leda, ya biya ko ragi bai nema ba, ni kuwa har ina murna. Da kasuwa ta zagayo, wani Bafillace da ke sayen gero wurina ya zo ransa a ɓace. Ya ce an tsinci mushen jaki a fadama bayan rugarsu, kewaye da shi ungulaye sun fi goma a mace, duk an yanke kawunansu da ƙafafunsu an tafi da su. Ga hankaki a zube, ga shirwa, ga karnukansa biyu na kiwo suna kumfa. Ban ce baƙon nan ne ba, Allah ne masani. Amma daren nan ban yi barcin kirki ba, kuma daga ranar na daina ajiye irin wannan kaya.

Ina ake kai kawunan? Kowa ya sani, ba a dai faɗa. Ana kai su ga masu haɗa maganin farin jini, da sa'ar ciniki, da neman kujera, da caca, wasu kuma na farfaɗiya da taɓin hankali. Masu bincike da suka zaga kasuwannin arewa sun tarar wasu daga cikin kayan daga Nijar da Chadi da Kamaru da Benin ake shigo da su, domin na gida sun yi wuya. A farkon 2020 a ƙasar Gini Bisau, wajen garuruwan Bafata da Gabu, an tsinci ungulaye sama da 2,000 a mace da guba, da yawansu babu kai. Da can in an cuci mutum sai a ce an yi masa ungulu da kan zabo, watau kan ne na kirki, jikin na banza. Yanzu duniya ta juya, kan ungulu ya fi zabo sukutum tsada. Ni dai in da kan nata yana kawo sa'a, da mai kan ba ta ƙare ba.

To, ga inda abin ya komo kanmu. Tsuntsuwar da ta haɗiyi guba, gubar ta bakinta ta bi, ta maƙoshinta ta wuce. Wannan kan ne ake busarwa a daka a zuba cikin kunu a ba yaro mai farfaɗiya, ko a yi turare da shi a ɗaki a rufe ƙofa. Uban yaron ya sayar da akuya ya biya, bai san abin da ya saya ba. Mu masu hatsi bai kamata a yi mana dogon bayani kan wannan ba. A watan Yuni 2015 ƙasashen Turai suka rufe ƙofa ga busasshen wakenmu saboda maganin ƙwarin da suka tarar a cikinsa, irin na fiya-fiya. Wanda ya ga yadda guba ke manne wa ƙwayar wake wata da watanni, ya san ba shanya ce ke fitar da ita ba. Buhun PICS mai leda biyu a ciki ya raba ni da zuba komai a wake, iska kawai yake toshewa ƙwaro ya mutu da kansa, kuma dillalan Dawanau ba su taɓa mayar mini da kaya ba tun da na koma gare shi.

Ban da guba akwai cuta, wadda mu ke ba ungulu ita kuma ta iya mayar mana. Masu masara sun tuna da Fabrairu 2006, sa'ad da murar tsuntsaye ta ɓulla a wata gonar kaji a Jaji ta jihar Kaduna, karo na farko a duk Afirka. Nan da nan ta kai Kano, ta shigo Jigawa. Gwamnati tana kashe kaji tana biyan naira 250 kan kowace kaza, jama'a suka guji ƙwai da nama, gidajen kaji suka daina sayen masara da dusa, kayanmu suka yi kwantai a sito. A Janairu 2007 ta kashe wata mata a Legas. Ta sake dawowa a 2015, ta sake a 2021. Abin da mutane da yawa ba su ji ba shi ne, a shekarar nan ta 2006 a Burkina Faso an gwada ungulayen gari da suka mutu, aka sami cutar a jikinsu, iri ɗaya da ta kaji. Dalili a fili yake: kaza ta mutu a gida, an wurga ta juji, ungulu ta ci. Yanzu ka dubi mai tsintar gawar ungulu, ya fige ta da hannu, ya cusa a buhu, ya hau mota da ita cikin mutane, ya shimfiɗa ta a kasuwa kusa da mai kaji. Mu kuwa muna zaune bakin fadamar da agwagin ruwa ke sauka kowane hunturu daga Turai, a Baturiya da Dagona da tafkin Nguru. Ba inda ya fi mu bukatar a bar jefar da matacciyar kaza a sarari. A haƙa rami a rufe ta, yaro kada ya taɓa.

Yanzu sai babbar maganar, wane ne ya gaji aikin ungulu? Na je kwanan baya gaida wani tsohon mahauci, aminin mahaifina, ya haura tamanin. Na ce, "Baba, ina abokan aikinku na kan katanga?" Ya yi shiru, sa'an nan ya nuna mini bayan gida da sandarsa ya ce, "Yaro, ga magadansu can." Karnuka ne wajen bakwai kwance cikin kwatami. Ya ce, "Waccan in ta ƙoshi sama take yi. Wannan in ya ƙoshi zaure yake shigowa ya kwanta inda jikokina ke wasa."

Maganar tsohon nan ita ce maganar likitoci, sai dai su da tsawo suke faɗinta. Allah ya halicci ungulu da ciki mai tsami ƙwarai, wanda ke ƙone yawancin ƙwayoyin cutar da ke cikin ruɓaɓɓen nama, ga kai babu gashi balle ƙazanta ta maƙale, ga sauri. A ƙasar Kenya an yi gwaji aka buga shi a 2012: mushen da ungulu ba ta sauka a kansa ba ya ɗauki kusan ninki uku na lokaci kafin ya ƙare, masu ƙafa huɗu da ke taruwa a kansa, kura da dila da irinsu, su ma suka ninka wajen uku, suna cizon juna suna musayar yawu. Ta yawu kuwa haukan kare ke tafiya.

Mutanen Indiya sun ga wannan da idonsu, ba gwaji ba. Yawancinsu ba su cin saniya, in ta mutu sai a bar wa ungulu, kuma suna da ita miliyoyi. Wajen 1990 da 'yan kai ta fara zubowa daga itatuwa, ba wanda ya san dalili. Sai a 2004 aka gano a Pakistan cewa wani maganin ciwon jiki ne mai araha, diklofinak, da ake yi wa shanu allurarsa. Saniya ta mutu da shi a jikinta, ungulu ta ci, ƙodarta ta lalace cikin 'yan kwanaki. Wani iri daga cikinsu, tsakanin 1992 da 2007, cikin kowace dubu ɗaya ce ta rage. Indiya ta hana ba dabbobi maganin a 2006, amma aikin gama ya gama. Mushe ya taru a bayan gari, wasu suka riƙa tura shi kogi, ruwan sha ya ɓaci, karnuka suka yawaita. A 2024 wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, suka fitar da ƙiyasi cewa rashin ungulu ya jawo ƙarin mutuwar mutum wajen 500,000 a can tsakanin 2000 da 2005. Ko ka raba lissafinsu biyu ka zubar da rabi, abin da ya rage ya fi ƙarfin wasa.

Maganin nan yana nan a kemis-kemis namu, mutane na shansa don ciwon baya. An gwada shi kan mikiyar Afirka a Afirka ta Kudu, ita ma ya kashe ta. Saboda haka 'yan'uwa masu tebur a Maigatari ranar Alhamis da Gujungu ranar Lahadi, masu sayar wa makiyaya allura, ku duba kwalaben da kuke miƙawa. Akwai madadinsa, meloksikam, yana yi wa dabba aiki ɗaya ba ya taɓa ungulu. A tambayi malamin dabbobi.

Haukan kare kuwa ba ciwon da ake jira a gani ba ne. Hukumar lafiya ta duniya ta ce yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, galibi a Asiya da Afirka, kusan duka ta cizon kare, yara ne kuwa da yawa. In alamarsa ta bayyana, mutum ya fara tsoron ruwa, to sai dai addu'a. Amma kafin nan akwai magani sarai. Kare ya ciji yaro, ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, ba shafawa ba, wanki, sa'an nan a nufi asibiti a ranar a fara allura. Kada a ce ai karen maƙwabci ne, an san shi.

Saura ciwon saifa, wanda shi ne ya fi tsorata ni a ƙasar fadama irin tamu. A Yuni 2023 ya ɓulla a arewacin Gana, gwamnatinmu ta yi gargaɗi a dakata da cin ganda, a watan Yuli kuma aka tabbatar da shi a wata gona a Gajiri kusa da Suleja. Ƙwayarsa tana kwana cikin ƙasa shekaru gommai ba ta mutu ba. Ambaliya ta zo, irin ta 2020 da ta 2022 da suka shafe gonaki daga Ringim har Guri, ta tono ta, ta kai ta kwari ta ajiye. Ruwa ya janye, shanu su gangaro fadama da rani suna kiwo bakinsu na shafar ƙasa. Alamarsa, dabba lafiya lau da yamma, da safe a tarar ta mutu, ta kumbura, baƙin jini da ba ya daskarewa yana fita ta hanci da baki da dubura. In an farke ta a ga saifa ta yi girma ta yi baƙi. To, farkewar nan ita ce kuskuren, domin da zarar iska ta shiga, ƙwayar ta yi sulke, ƙasar wurin ta ɗauka ke nan har jikoki.

A nan sai in faɗi gaskiya ko da ta rage wa tsuntsuwata daraja: ungulu ba maganin saifa ba ce. Ita ma farkewa take yi, kuma in ta tashi daga kan irin wannan mushe ta je ta yi wanka a tafkin da shanu ke sha, tana iya kai cutar can. Mushen saifa ba na ungulu ba ne, ba na kare ba ne, ba na mai jima ba ne. A ƙone shi ƙurmus, ko a binne shi da fatarsa cikin rami mai zurfin mita biyu, nesa da rijiya da hanyar ruwa, a sanar da ofishin dabbobi. Allurar rigakafinsa kuwa a Vom ake yinta, sau ɗaya a shekara, kuɗinta bai kai na igiyar da ake ɗaure san da ita ba.

Sai dai fa abin da muke yi ya fi wannan muni, kowa kuwa ya san shi. Saniya ta fara layi, mai ita ya ga asara, sai a yi maza a kai mata wuƙa tun tana motsi, a ce alhamdu lillahi ba ta yi mushe ba. A yi watanda, kashi-kashi da araha, ko a loda a bayan babur a kai wata kasuwar ƙauye inda ba mai dubawa. Ni ma na ci irin wannan nama, ba sau ɗaya ba. Yanka ya halatta ta, ba mai musu, amma wuƙa ba ta kashe ƙwayar saifa. Wanda ya feɗe ya sami ƙurji a hannu ko a wuya, mai baƙin tsakiya kamar gawayi, ba ya zafi sai kumburi. Wanda ya ci ya kama amai da gudawar jini. In an kai asibiti da wuri yana jin magani, in an tsaya shafe-shafe yana kisa. Da can abin da aka yar a daji kafin mai kwaɗayi ya wasa wuƙarsa ungulu ta riga shi. Yanzu mushe yana kwana biyu yana jiran duk wanda ya fara zuwa. Ranar da aka ce an sami saifa a kasuwar shanu ɗaya a ƙasar nan aka rufe ta, ba mahauta kaɗai za su ji ba. Bafillacen da bai sayar da sa ba, ba zai sayi gerona ba.

Akwai wata da ni kaina ban rabu da ita ba. Ina da 'yar gonar shinkafa wajen Auyo, kuma tun da kachala ta cike hanyoyin ruwa jan baki ya sami gidan kwana, in ya sauka a gona sai ka ji kamar ka yi kuka. In aka ce za a yi feshi ina cikin masu murna. Amma maganin da ke zubar da jan baki yana zubar da shaho da shirwa da duk mai cin gawarsa, yara kuma suna bi da kwano suna tsinta a kai gida a soya. Ko ba a fasa feshin ba, a hana tsintar nan, a tattara a rufe.

Watan jiya na je awon riɗi wani ƙauye arewa da Malam Madori. Muna zaune gindin kuka ana ɗinkin buhu, sai na ji wani abu ya faɗo kusa da ma'auni, na ɗaga kai. Su biyu ne a reshen ƙoli, ga tarin ƙirare sun yi sheƙa. Mai garin ya ce shekara uku ke nan suna zuwa, an taɓa yi masa tayin kuɗi a kansu ya kori mai tayin, ya kuma hana yara hawa kukar ko don ɗiban miya. Na sa yarona ya ɗauki hotonsu domin autana. Mai garin ya roƙe ni in zan rubuta kada in faɗi sunan ƙauyen, na ce masa, "Ranka ya daɗe, ko direban da ya kawo mu zan ja wa kunne."